AUREN BAƘUWA DAGA ƘASAR WAJE: MATSAYIN BIZA, IZININ ZAMA DA HAƘƘIN IYALI

Jawabin da aka gabatar a taron magidanta Hausawa mazauna Apo, Abuja



Shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan uwa magidanta da samari, muna yi muku barka da zuwa. Muna kuma godiya da kuka bar sana'o'inku, wasu daga garejin kanikawa, wasu daga kasuwar Gudu, wasu daga Apo Dutse, domin ku saurari wannan bayani. Allah Ya saka da alheri.

Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa shi ne matsayin macen da ta zo ziyara daga wata ƙasa, sannan maganar aure ta taso tsakaninta da ɗaya daga cikinmu. Yaranmu 'yan kasuwa suna zuwa Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, sarin tufafi da takalma, suna zuwa Jidda da Dubai, suna shiga Maraɗi da Kumasi, kuma inda ƙafa ta taka nan zuciya kan sauka. Tambayar da ta fi yawan zuwa mana ita ce: tunda an ɗaura aure a gaban shaidu, an biya sadaki, ashe ba shi ke nan ba? Amsa a taƙaice ita ce ɗaurin aure ya halatta maka matarka, amma shi kaɗai bai ba ta izinin zama a Nijeriya ba. Wannan izini takarda ce daban, ana nemanta a ofis daban, kuma tana da lokacinta.

Mu mazauna Abuja ba a ba mu labarin abin da rashin takarda yake jawowa. Waɗanda suke nan tsakanin 2003 zuwa 2007 sun ga rusau da idonsu, sun ga gidan da aka shekara goma a cikinsa ya zama fili a wuni guda saboda babu takardar mallaka. To zaman baƙuwa ba da izini ba kamar wannan ginin yake.

BAƘI IRI UKU NE

Kafin komai, a fara sanin rukunin da amarya take, domin dokar ba ɗaya ba ce.

Rukuni na farko su ne 'yan ƙasashen ƙungiyar ECOWAS, kamar Gana, Binin, Togo da Senigal. Yarjejeniyar 1979 ta ba su damar shigowa ba biza, su zauna har kwana 90. Bayan kwana 90, wanda zai ci gaba da zama sai ya nemi katin zama na 'yan ECOWAS a Hukumar Shige da Fice. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu, 2025, amma a wannan lokacin ECOWAS ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfonsu, a bar su su yi zirga-zirga har sai an fitar da wani sabon tsari. Saboda haka duk wanda matarsa 'yar Maraɗi ce ko Damagaram, kada ya dogara ga cewa harshenmu ɗaya, kamanninmu ɗaya. Ya tabbatar tana da takardar ƙasarta a hannu da kuma katin zamanta.

Rukuni na biyu su ne 'ya'yan Hausawa da aka haifa a waje, a Makka, a Sudan ko a zangunan Gana. Sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce duk wanda aka haifa a wajen Nijeriya, in dai uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne, to shi ma ɗan Nijeriya ne ta haihuwa. Irin wannan amarya fasfon Nijeriya ya kamata a nema mata a ofishin jakadancinmu na ƙasar da take. In kuwa kakanta ne ko kakarta ɗan Nijeriya, sashe na 26 ya ba ta damar neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista.

Rukuni na uku su ne waɗanda ba su da jinin Nijeriya, ba su kuma cikin ECOWAS, misali 'yar Tailan. A kansu ne mafi yawan bayaninmu zai tsaya, domin su ne suka fi shiga matsala.

BIZAR ZIYARA

'Yar Tailan ba ta shiga Nijeriya sai da biza. Daga ranar 1 ga Mayu, 2025, gwamnatin tarayya ta mayar da neman bizar gajeriyar ziyara ta intanet, aka daina tsohon tsarin karɓar biza a filin jirgi. Ana cike takardar tun tana gida, a haɗa da fasfo mai sauran aƙalla wata shida, da tikitin komawa, da adireshin inda za ta sauka, da wasiƙar gayyata daga mai masauki in ziyara ce ta kawo ta. Za ta kuma zo da katin allurar rigakafin shawara.

Ga abubuwa uku da ya wajaba kowa ya riƙe. Na farko, wannan biza ta kwanaki ce ƙidayayyu, daga kwana 30 zuwa 90 gwargwadon irinta, kuma hukuma ta bayyana cewa ba a ƙara wa'adinta. Na biyu, ba ta halatta aiki ba, ko da tsaron shagon miji ne da albashi. Na uku, a tsarin 2025 duk wanda ya wuce wa'adinsa zai biya tarar dalar Amurka 15 a kowace rana. Ku yi lissafi da kanku: wata ɗaya dala 450 ke nan, shekara guda kuwa dala 5,475. In wucewar ta yi tsawo, bayan tara akwai hana shigowa ƙasar na tsawon shekaru. Wato matarka ta tafi gaida mahaifiyarta da ba ta da lafiya, a tsare ta a filin jirgin Nnamdi Azikiwe sai an biya, in ta fita kuma ƙofa ta rufe, kai da 'ya'ya kuna nan, ita tana can.

Mai masauki kuma ya sani, wasiƙar gayyatar da ya sa wa hannu alkawari ce da ya ɗauka a gaban hukuma cewa shi ne zai kula da baƙuwar, kuma za ta fita kan lokaci. Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne. Haka doka ma take kallon mai bizar ziyara.

WANE AURE, WACE TAKARDA

Dokar Nijeriya ta amince da aure iri uku: na Musulunci, na gargajiya, da na rajista wanda muke kira auren kotu. Babu wanda zai ce auren da aka ɗaura a masallaci ba aure ba ne. Matsalarmu ita ce muna ɗaurawa, a raba goro da alawa a watse, ba a rubuta komai ba. Jami'in shige da fice bai halarci ɗaurin aurenka ba, kuma ba zai kira liman ya tambaye shi ba. Takarda zai nema. Saboda haka a ranar da aka ɗaura, a karɓi takardar shaidar aure mai ɗauke da sunan ango da amarya kamar yadda suke a fasfo, harafi da harafi, da sunan waliyyi da shaidu da sadaki da kwanan wata. Daga nan a je kotun yanki, ga ta nan kusa da mu a Gudu, a yi rantsuwar tabbatar da auren. A ajiye hotunan taron, domin akan nema.

Ta fuskar addini, mafi yawan mutanen Tailan mabiya addinin Buddha ne, sai dai akwai Musulmi masu yawa a lardunan kudu irin su Pattani, Yala da Narathiwat, da kuma cikin Bankok kanta. Maganar addinin amarya da maganar wanda zai tsaya mata waliyyi in ba ta da dangi Musulmi a nan, a kai su gaban malamai tun kafin ta sayi tikiti. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasu sukan ce a tafi kai-tsaye a yi auren kotu, wai takardarsa ta fi ƙarfi a ofisoshin jakadanci. Kafin mutum ya ɗauki wannan shawara, ya san abin da zai shiga. Ana ba da sanarwa a ofishin rajistar aure, a liƙa ta kwana 21, a ɗaura cikin wata uku, kuma dole ɗayan ma'auratan ya zauna a yankin aƙalla kwana 15. Wannan duka mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne auren kotu aure ne na mace ɗaya. Dokar Aure ta tanadi ɗaurin shekara 5 ga wanda ya yi auren kotu alhali yana da wata matar, haka kuma ga wanda ya yi auren kotu sannan ya ƙara wata a kai. Bugu da ƙari, saki da baki ko da rubutu ba ya warware shi a idon doka, sai babbar kotu, irin wadda ke nan Apo. Duk magidancin da yake da uwargida a Kano ko a nan, kada wani ɗan kamasho ya ja shi ofishin rajista. Ya tsaya a kan auren Musulunci da takardarsa ingantacciya.

IZININ ZAMA

Da zarar takardar aure ta shiga hannu, mataki na gaba shi ne Hukumar Shige da Fice, wadda babban ofishinta yake Sauka, a kan hanyar filin jirgi. Tsarin biza da aka ƙaddamar a 2020 ya ware rukuni na musamman domin abokin auren ɗan Nijeriya, mai lamba N1A, yana cikin bizojin zaman dindindin. Hanya mafi tsabta ita ce amarya ta fita kafin bizar ziyararta ta ƙare, ta nemi bizar matar aure a ofishin jakadancin Nijeriya da ke Bankok, ta dawo da ita, sannan a yi mata katin zama na baƙi da ake kira CERPAC. Mun san tikitin Bankok ta Adis Ababa ko Doha ba ƙaramin kuɗi ba ne, amma in aka auna shi da tarar wata shida, za a ga wanda ya fi sauƙi.

Takardun da akan nema sun haɗa da wasiƙar miji yana neman a ba matarsa izini tare da ɗaukar nauyinta, da takardar aure, da fasfon miji, da fasfonta, da hotuna. A nan ne mu 'yan ci-rani da mazauna muke tuntuɓe. Hujjar cewa kai ɗan Nijeriya ne takan koma ga takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, kuma ko shekara talatin ka yi a Apo, ba a nan za a ba ka ita ba. Sai ka koma Bichi, ko Funtuwa, ko Gwadabawa, inda asalinka yake. Wanda bai da wannan takarda, da lambar shaidar ɗan ƙasa, da fasfo mai rai, to ya fara da gyara nasa kafin ya yi maganar na matarsa.

A biya duk kuɗin hukuma ta hanyar da hukuma ta tsara, a karɓi rasit, a ajiye. A guji masu tsayawa a bakin ofis suna cewa za su buga hatimi a fasfo cikin kwana biyu. Hatimin bogi laifi ne da zai hau kan matarka, ba kan wanda ya karɓi kuɗin ba. Haka kuma muna gargaɗin samarinmu a kan auren takarda, inda za a ba yaro kuɗi ya sa hannu cewa wata matarsa ce domin ta sami izinin zama. Yi wa hukuma ƙarya laifi ne, kuma ba ka san abin da aka shigo da ita ta yi ba.

ZAMA 'YAR ƘASA

Izinin zama daban, zama 'yar ƙasa daban. Sashe na 26 ya ba duk macen da take auren ɗan Nijeriya, ko ta taɓa aurensa, damar neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista. Sharuɗɗan uku ne: ta kasance mai halin kirki, ta nuna niyyar zama a Nijeriya, ta yi rantsuwar biyayya ga ƙasa. Ana nema ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, jami'an tsaro su yi bincike, Shugaban Ƙasa ya amince. Ba abu ne na kwana biyu ba, amma ana samu. A watan Satumba na 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya miƙa wa baƙi 286 takardar zama 'yan ƙasa, 78 daga cikinsu ta hanyar rajista.

Iyayenmu mata, ku lura da kalmar nan "ko ta taɓa aurensa". Ma'anarta ita ce wadda mijinta ya rasu ko ya sake ta ba ta rasa wannan dama ba. Sai dai ta yaya za ta tabbatar ta taɓa aurensa in babu takarda, kuma dangin miji sun juya mata baya a kan gado? Wannan shi ne babban dalilin da ya sa muke nanata rubutu. Har ila yau, sashe na 28 bai tilasta mata barin ƙasar da aka haife ta a matsayin 'yarta ba. Wadda kuma ba ta son zama 'yar Nijeriya, sashe na 32 ya ba Shugaban Ƙasa ikon tsara matsayin baƙo na musamman, mai cikakken haƙƙin zama, domin abokan auren 'yan Nijeriya.

IN 'YARMU CE TA AURI BAƘO

A nan dokar ba ta daidaita ba, kuma ya kamata iyaye su sani kafin su ba da 'ya. Sashe na 26 mace kawai ya ambata. Namijin da ya auri 'yar Nijeriya ba ya zama ɗan ƙasa ta dalilin aure. Abin da zai iya nema shi ne matsayin baƙo na musamman daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wanda zai ba shi damar zama tare da iyalinsa. In yana son zama ɗan ƙasa, sai ya bi sashe na 27, wanda ya shardanta zaman shekara 15 a Nijeriya, da kuma shaidar cewa mutanen wurin da yake sun karɓe shi. A ranar 1 ga Maris, 2022, aka kawo ƙudurin gyara wannan sashe a gaban Majalisar Tarayya domin mijin 'yar Nijeriya shi ma ya samu, amma ƙudurin bai sami ƙuri'un da ake buƙata ba. Da yawa cikinmu muna zaune ne daura da rukunin gidajen 'yan majalisa na Apo. Duk wanda yake da surukin da abin ya shafa, yana da haƙƙin rubuta wa wakilin mazaɓarsa a kan wannan batu.

IN ANGO NE ZAI KOMA CAN

Wani kuma shi ne zai bi amarya ƙasarsu. A Tailan aure ba ya zama aure a idon doka sai an yi rajistarsa a ofishin gunduma, ban da larduna huɗu na kudu, wato Pattani, Yala, Narathiwat da Satun, inda dokar 1946 ta amince a bi shari'ar Musulunci a kan aure da gado tsakanin Musulmi. Dokar ƙasar kuma tun 1935 mace ɗaya ta sani. Baƙo zai kawo shaidar cewa ba shi da wani aure daga ofishin jakadancin ƙasarsa, a fassara ta zuwa harshensu, Ma'aikatar Harkokin Wajensu ta tabbatar. In a nan aka ɗaura, sai a kai takardar Ma'aikatar Harkokin Waje ta Nijeriya ta buga hatimi, sannan ofishin jakadancin Tailan da ke Abuja, kafin ta yi aiki a can.

Mijin 'yar Tailan yana iya samun izinin zama na shekara guda-guda, amma sai ya nuna bat 400,000, wato kuɗin ƙasarsu, a asusun bankinsa na can na tsawon wata biyu, ko kuɗin shiga na bat 40,000 a wata, kuma ya riƙa sanar da hukuma adireshinsa duk kwana 90. Ɗan Nijeriya mai neman bizar Tailan kuma ana buƙatar ya fara karɓo takardar wankewa daga hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Dokar ƙwaya a can tana da tsanani ƙwarai, don haka kada kowa ya karɓi saƙon da bai buɗe ba, ko da sunan kayan lefe ne.

'YA'YA

Ɗan da aka haifa tsakanin ɗan Nijeriya da baƙuwa, ko 'yar Nijeriya da baƙo, cikakken ɗan Nijeriya ne. Dattawanmu za su tuna Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar jihar Borno, wanda aka kwasa aka jefa Chadi a watan Janairu na 1980 bisa cewa ubansa ba ɗan Nijeriya ba ne. Kotu ta dawo masa da haƙƙinsa, domin an tabbatar mahaifiyarsa 'yar Nijeriya ce. In har hakan ta faru da ɗan majalisa, ina ga ɗan mai shayi? A yi wa kowane yaro takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun kafin a yi nisa da suna, a yi masa lambar shaidar ɗan ƙasa. Dokar Tailan ma tana ba ɗan 'yar Tailan ƙasa ta wajen uwa, don haka a yi rajistarsa a ofishin jakadancinsu, kada a tauye masa rabonsa na ɓangaren uwa.

ABIN DA MUKE ROƘO

Tarihi ya nuna mana cewa zaman baƙo yakan juya a dare ɗaya. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda daga Gana, Hausawa da yawa suka dawo hannu rabbana. A 1983 gwamnatin Shagari ita ma ta kori baƙi marasa izini fiye da miliyan ɗaya. A duka biyun, takarda ce ta raba wanda ya zauna da wanda aka loda a mota.

Saboda haka muna roƙon abubuwa huɗu. Na ɗaya, duk wanda yake da mata baƙuwa ya buɗe fasfonta yau da daddare ya duba ranar da izininta zai ƙare. In ya riga ya ƙare, ya nemi lauya su je ofis da ƙafarsu, kada a jira sai an tare ta a hanya. Na biyu, fasfon mace da katin zamanta su zauna a hannunta, miji ya riƙe kwafi. Ba daidai ba ne a kulle takardun mace a akwati don kada ta tafi, ko a riƙa yi mata barazanar kora duk lokacin da aka sami saɓani. Ta bar uwa da uba da harshenta ta biyo ka, amana ce. Na uku, limamanmu kada su ɗaura auren baƙuwa sai sun ga fasfonta, sun kuma rubuta shaida a take. Na huɗu, iyayenmu mata su ja irin waɗannan amare a jiki, su koya musu Hausa, su nuna musu asibiti da kasuwa, domin mu ma nan baƙunta ce ta kawo mu, mun san ɗacinta.

Wanda yake da tambaya ta kansa da ba ya son yi a bainar jama'a, ya tsaya bayan an tashi, ya zo da takardun da yake da su a duba tare. Matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya albarkaci aurarrakinmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.